A Ba Uwar Bakwaini Gado Kusa da Kwalbar Ɗanta

A yawancin asibitocinmu, da zarar mace ta haifi bakwaini, abu na farko da ake yi shi ne a raba su. A naɗe jariri a zani a ruga da shi ɗakin jarirai, a bar uwa a ɗakin masu jego, wani lokaci ma a wani gini daban. Bayan kwana ɗaya ko biyu a sallame ta, tunda ita lafiyarta ƙalau kuma wata na jiran gadon. Daga nan sai ta koma 'yar baranda. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ga fulas, ga bokiti, ga ɗan kofin tatsar nono, tana jiran nas ta leƙo ta kira sunanta. In an kira, ta shiga ta miƙa nono, ta leƙa ɗanta ta gilashin kwalba na 'yan mintoci, a ce ta fita. Haka za ta yi mako uku, ko wata guda, ko fiye, da ɗinki a jikinta da sauro a kanta.

Wannan tsari ya daɗe har mun ɗauka haka ilimin likita ya ce a yi. Ba haka ba ne, kuma lokaci ya yi da za a rushe shi. Uwar bakwaini ba 'yar dubiya ba ce. Ƙirjinta da nononta suna cikin maganin da ake yi wa ɗanta, daidai da iskar oksijin da allurar da ake sa masa ta jijiya. Asibitin da ya sayi kwalba amma bai tanadi gadon uwa a gefenta ba, rabin aiki ya yi.

Cikakken ciki mako 40 ne, duk jaririn da ya fito kafin mako 37 ya cika kuwa bakwaini ne, ko a wata na shida ya zo ko a na takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai wajen miliyan 13.4, kuma a 2019 kusan 900,000 suka rasu saboda matsalolin haihuwa kafin lokaci. Amma ba duka suke ɗaya ba. Wanda ya zo tsakanin mako 32 da 37, mafi yawansu ke nan, ɗumi da nono da tsafta sun ishi galibinsu. Wanda ya zo tsakanin 28 da 32 yakan buƙaci taimakon numfashi da robar ciyarwa. Na ƙasa da mako 28 shi ne mai wuyar sha'ani: a ƙasashe matalauta fiye da kashi 90 cikin 100 na irinsu ba sa wuce kwanakin farko, alhali a ƙasashe masu arziki ƙasa da kashi 10 ne ke rasuwa. Camfin nan da ake yi cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi, ba shi da tushe. Kowane mako da ɗa ya ƙara a ciki riba ce gare shi, kuma camfin ya sha sa a sakar wa ɗan wata takwas tun bai gaza ba.

Babban maƙiyin bakwaini a kwanakin farko sanyi ne. Fatarsa siririya ce har ana ganin jijiyoyi, ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, kansa ya fi jikinsa girma kuma ta nan zafi ke fita. Zafin jikin da ake so, idan an auna a hammata, digiri 36.5 ne zuwa 37.5. Da ya sauka ƙasa da haka jiki zai fara ƙona ɗan sukarin da ke gare shi don ya ɗumama kansa, sukarin jini ya faɗi, buƙatar oksijin ta ƙaru ga huhun da dama bai ƙosa ba, ya daina shan nono, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Sau da yawa abin da ake rubutawa a takarda a matsayin sanadin rasuwa sanyi ne ya share masa hanya. Kwalba aikinta ke nan, ta riƙe masa ɗumi da laima. To amma kwalba bawan wuta ce. A ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, kafin a tayar da janareta ta huce. A wasu wurare za ka tarar da jarirai biyu ko uku a kwalba ɗaya, ciwon ɗaya ya zama na kowa. Wata kwalbar ma'auninta ya lalace, tana nuna abin da ba shi ba. A bazara kuma, musamman a garuruwan da zafi ke haura digiri 40, matsalar juyawa take yi, ɗakin ya gasa su da yamma har a ɗauka zazzaɓi ne a fara ba su magani.

Irin wannan ƙarancin ne ya sa a shekarar 1978 wani likitan yara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, Dakta Edgar Rey, ya fara ɗora ƙananan jarirai a ƙirjin uwayensu, fata da fata, a ɗaure su da zani. Shi ne ake kira goyon kangaru, da sunan wata dabba da ke goyon ɗanta a cikin jaka a gaban cikinta. Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce sai jariri ya fita daga haɗari, an cire masa oksijin da ƙarin ruwa, sannan a ba uwa. Matsalar ita ce mafi yawan masu rasuwa a kwanakin farko suke rasuwa, tun kafin su kai matsayin da za a ce sun cancanci goyon. Sai aka gwada a fara tun daga ranar haihuwa. An yi binciken a manyan asibitoci biyar, a Gana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya. Na Najeriya shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, na Gana kuma Komfo Anokye a Kumasi. Jarirai 3,211 ne masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. An gyara ɗakunan aka sa gadon uwa a ciki, jariri yana kwance a ƙirjinta da robar oksijin a hancinsa da ƙarin ruwa a hannunsa. Waɗanda aka fara wa goyon nan take sukan samu wajen awa 17 a rana a jikin uwa ko wata 'yar uwa, sauran kuwa awa ɗaya da rabi. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa cikin kwana 28 na farko kashi 12 cikin 100 ne suka rasu a rukunin farko, kashi 15.7 a na biyu. Ragin wajen kashi ɗaya bisa huɗu ke nan, har sai da aka tsayar da binciken kafin wa'adinsa, domin ci gaba da hana rabin jariran abin da ya bayyana yana ceton rai ya zama zalunci. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idarta: a fara goyon kangaru nan take bayan haihuwa, awa 8 zuwa 24 a rana, sai dai jaririn da ba ya iya numfashi da kansa ko jininsa ya faɗi warwas.

Ba a wata ƙasa mai ƙanƙara aka gano wannan ba. A asibitoci irin namu ne, masu cunkoso da ƙarancin ma'aikata. Don haka uzurin cewa mu ba mu kai nan ba ya faɗi.

Goyon yana da ƙa'ida, kuma inda ake kuskure a nan ne. Ba goyon baya ba ne, ba kuma rungumar jariri a cikin shawul ba. A tuɓe shi sai famfas da hula da safa. Uwa ta buɗe gaban rigarta ta cire rigar nono, a ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanta, ƙirjinsa a kan nata, babu ƙyalle a tsakani. A juya kansa gefe ɗaya a ɗan ɗaga haɓarsa kaɗan, domin idan wuya ya lanƙwashe zuwa ƙirji hanyar iska tana toshewa. Ƙafafu a naɗe a buɗe gefe da gefe, hannaye a lanƙwashe. Sai a ɗaure da zani ko majanyi mai laushi, bakin zanin na sama ya tsaya daidai ƙasan kunnensa don ya tallafi kai, ɗaurin ya kama ƙirjinsa sosai yadda ko uwa ta miƙe ba zai zame ba, amma kada a matse masa ciki, da shi yake numfashi. Ta ɗora riga ko mayafi a sama, fuskarsa a waje tana gani. Idan za ta yi barci ba ta kwanciya shame-shame, sai a jera mata matasai ta kishingiɗa. Kowane zama kada ya gaza awa ɗaya, saboda yawan ɗaurawa da kwancewa yana gajiyar da shi, yana kuma zubar da ɗumin da aka tara. Idan za ta yi wanka ko salla ko ta ci abinci, wani ya karɓa. Uba yana iya yi, kaka tana iya yi, ƙanwar uwa tana iya yi, muddin mai lafiya ne ba shi da mura ko ƙuraje. Ana ci gaba da haka har ya kai wajen kilo 2.5, kuma shi da kansa yake nuna ya ƙoshi: ya fara mutsu-mutsu, yana fitar da hannu da ƙafa, yana kuka duk sanda aka ɗaure shi.

Sai nono, wanda shi ne dalili na biyu da ya sa korar uwa baranda ɓarna ce. Jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen mako 32 zuwa 34. Kafin nan ta siririyar roba ake ba shi, wadda ake zurawa ta hanci ko baki zuwa ciki. Ana farawa da kaɗan ƙwarai, a riƙa ƙarawa kullum gwargwadon yadda cikinsa ya karɓa, har a kai mililita 150 zuwa 180 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Jariri mai kilo 1.5 ke nan yana buƙatar aƙalla mililita 225, idan aka raba sau 12, duk bayan awa biyu, wajen mililita 19 a kowane sha. Bai kai cokali biyu na cin abinci ba, amma dole ya zo a kan lokaci dare da rana. Madarar gwangwani ba ta maye gurbinsa. Akwai wani mugun ciwon hanji da ke kama bakwaini, ciki ya kumbura ya yi sheƙi, ya riƙa aman kore, kashi da jini, hanjin ya ruɓe. Ya fi kama waɗanda ake ba madara nesa ba kusa ba. Dakashin farko, wanda har yanzu wasu tsofaffi ke cewa a tatse a zubar wai bai da kyau, shi ne mafi daraja a cikin nonon gaba ɗaya. Ko ɗigo uku ne a tara a ƙaramin sirinji a kai masa.

Nono kuwa ba ya zuwa don an so. Tunda jariri ba ya tsotsa, tatsa ce kaɗai ke gaya wa jiki ana buƙata. Ya kamata uwa ta fara cikin awannin farko bayan haihuwa, ko da aiki aka yi mata, ta kuma yi aƙalla sau 8 a yini da dare, har da tsakar dare. Ta wanke hannu da sabulu, ta tanadi kofi mai murfi da aka tafasa, ta ɗan mulmula nonon. Ta ɗora babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, a gefen baƙin da ya kewaye kan nono, ta danna zuwa ƙirji, ta matse, ta saki, ta sake. Kada ta ja kan nonon, kada kuma ta riƙa goga yatsu a kan fata, wannan ne ke kawo tsagewa da ciwo. Ta riƙa zagayawa da yatsun, tana sauya nono duk bayan minti uku zuwa biyar, gaba ɗaya minti 20 zuwa 30. Kwana biyu na farko ɗigo-ɗigo za ta gani, kuma a nan mata da yawa ke karaya su ce ba su da nono. Da za su dage, zuwa ƙarshen mako na biyu rabin lita a rana ba abin mamaki ba ne. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa huɗu a ajiye ba firji, a lokacin zafi ma gara a ba shi nan take. To, matar da ke kwance a siminti, ba ta ƙoshi ba, ba ta yi barci ba, ba ta ga ɗanta ba tun safe, ta ina nono zai sauko mata? Fargaba tana riƙe shi. Wadda ɗanta ke manne a ƙirjinta tana jin motsinsa, nononta ya fi zuwa, kuma ita za ta fara lura ranar da ya fara lalubar nono da baki.

Idan nonon uwa ya gagara gaba ɗaya, nonon wata mace ya fi madara, bayan an yi mata gwajin cutar ƙanjamau da ciwon hanta. A wajenmu wannan yana da hukuncinsa, tunda shayarwa tana haramta aure. Maganin abin ba wuya: mace ɗaya sananniya, da yardar mazajen biyu, a rubuta a ajiye.

Masu adawa da shigar uwa ɗakin jarirai suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, za ta shigo da cuta. Gaskiya ne ƙwayoyin cuta suna kashe bakwaini, amma mafi munin su na cikin asibitin ne, waɗanda suka saba da magani, kuma hanyarsu ita ce hannun da ya taɓa wannan jariri ya taɓa wancan. Uwa ɗa ɗaya take taɓawa. A binciken da aka ambata ma, alamun cutar jini sun fi ƙaranci ga waɗanda ke jikin uwayensu. Abin da ake buƙata famfo ne mai ruwa a bakin ƙofa, da sabulu, da dokar da ba ta da babba: a cire zobe da agogo da awarwaro, a yanke farce, a wanke hannu har gwiwar hannu, likita da nas da uwa duk ɗaya. Na biyu, babu wuri. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ainihin aikin da ke gaban gwamnatocin jihohi da shugabannin asibitoci. Ɗaki da gadaje masu jingina da banɗaki da abinci sau uku ake buƙata, sai dai ba su da kyan hoto ranar ƙaddamarwa. Na uku, nas ɗaya tana kula da jarirai goma ko fiye, ina za ta iya da uwaye goma a kai? A makon farko aiki ne, ba musu. Bayan an koya musu sai su zama idanu goma. Uwa ce za ta ga leɓe ya yi shuɗi, ta ga roba ta zame, ta ga numfashi ya tsaya, a lokacin da nas ke can tana neman jijiyar wani.

Kada kuma a yi min gurguwar fahimta, a ce tunda ƙirjin uwa ya wadatar sai a tafi gida. Akwai abubuwan da ƙirji ba ya yi. Huhun bakwaini, musamman na ƙasa da mako 34, ba shi da isasshen wani sinadari mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska manne wa juna. Shi ya sa za a ga yana numfashi da sauri fiye da sau 60 a minti, haƙarƙari na shiga ciki, yana gurnani a kowane fitar numfashi. Maganinsa na'urar da ma'aikata ke kira sifaf, wadda ke tura iska ta hanci da ɗan matsi don huhu ya zauna a buɗe; ita ce ake jin ruwanta yana ɓulɓula a gefen gado, kuma idan ɓulɓular ta tsaya iska tana zurarewa ta wani wuri, a kira nas. Akwai kuma mantuwar numfashi: ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna ba, sai ya ɗauke numfashi daƙiƙa 20 ko fiye, bugun zuciya ya sauka. Shafa masa baya ko tafin ƙafa yakan dawo da shi, maganin rigakafinsa kuwa kafeyin ne, a fara da miligiram 20 ga kowane kilo sannan miligiram 5 ga kowane kilo kullum. Inda babu shi ana amfani da aminofilin, wanda ya fi shi illa. Magani ne da bai kamata a ce uba ya bi kemis-kemis yana nema ba.

Oksijin kansa magani ne mai awo. Abin da ake so ma'aunin da ake maƙala wa jariri a ƙafa ya nuna tsakanin 91 da 95. Iyaye sukan ji daɗi idan sun ga 100, alhali ga bakwainin da ke kan oksijin wannan haɗari ne, domin yawansa yana ɓata jijiyoyin bayan ido. A shekarun 1940 da 1950 dubban jarirai sun makance a Amurka da Turai ta wannan hanya kafin a gane dalili. Yau da bakwaini suka fara rayuwa a wajenmu, matsalar ta iso mu, kuma ba ta da alama a waje sai ido ya riga ya tafi. Duk jaririn da aka haifa ƙarami sosai ko ya daɗe a kan oksijin, likitan ido ya duba shi kafin ya cika wata ɗaya, ko an sallame shi ko ba a sallame shi ba. Idan ba a faɗa ba, iyaye su tambaya.

Ciwon shawara ma haka. Hantar bakwaini ba ta iya tace abin da ke sa jiki rawaya, idan ya yi yawa kuma yana hawa ƙwaƙwalwa ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har abada. Maganinta shuɗiyar fitila, jariri tsirara, ido a rufe, in ta ƙi sai a sauya masa jini. Shanya shi a hantsi ba ya warkar da ita, ruwan gulukos ma haka. Kafur ɗin da ake sawa a akwatin kayan jarirai da man zafi da lalle suna fasa jinin yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, wanda ya yawaita a yankinmu, musamman ga maza. A raba kayan bakwaini da su gaba ɗaya.

Ko a wannan hali uwa tana da haƙƙin sanin abin da ake ciki. Ba alfarma ba ce a gaya mata kullum nauyinsa na yau, zafin jikinsa, mililita nawa yake sha, ko ya ɗauke numfashi a daren jiya, da sunan maganin da ake ba shi da dalili, a kuma faɗa da Hausa. “Ana kan ƙoƙari” ba bayani ba ne. Da za a gaya mata tun farko cewa kowane bakwaini yana ramewa a makon farko, har kashi 10 zuwa 15 na nauyinsa, kuma sai wajen mako biyu yake komawa inda ya fara, da an rage mata kukan dare da yawa. Bayan nan abin da ake nema ƙarin giram 15 ne ga kowane kilo a rana. Mai kilo 1.5 zai ɗauki kusan mako biyu kafin ya kai 1.8, kuma babu gaggawar da za ta rage wannan lissafi.

A nan ne dangi ke shigowa, kuma sau da yawa su ne ke kwance abin da aka ɗaura. Kwana biyar da haihuwa a fara maganar suna. Ga kuɗin gado da na oksijin da na gwaji suna hawa, ga uwar miji tana cewa a gida ma an raini waɗanda suka fi shi ƙanƙanta, ga mai jego ba ta fara wanka ba. Sai maigida ya sa hannu a takarda ya ɗauke ɗansa ba da yardar likita ba. Wasu sukan dawo bayan kwana biyu da jariri sanyi ƙalau, wasu ba sa dawowa. Huɗuba ana yin ta a bakin kwalba, rago kuma ba ya buƙatar jariri ya halarci yankansa. Taro ya jira. Ruwan rubutu da na dabino da zuma da ake ɗiga wa jariri a baki, ga wanda bai iya haɗiya ba huhu suke tafiya, zuma kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba ko cikakke ne. Addu'a a tofa a nesa da fuskarsa, ko a yi ta ba tofi. Wanzami kuma ya dakata, ba cire beli, ba tsaga. Mai jego ta yi wanka da ruwan ɗumi ta koma wurin ɗanta. Kuma a daina tambayarta me ta yi ya fito. Tagwaye, hawan jinin masu ciki, zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyi, fashewar faya da wuri, ƙarancin jini, haihuwa a ƙuruciya, kunika, duk suna jawo shi, sau da yawa ma ba a samun dalili ko ɗaya. Matar da ta daina cin abinci, ba ta barci, tana kuka ba dalili ko tana tsoron taɓa ɗanta, ita ma majinyaciya ce, a gaya wa likita.

Amma ba adalci ba ne a ɗora wa uban da aljihunsa ya ƙare laifi shi kaɗai. Jinyar bakwaini ta makonni ce, kuma muddin daga aljihu ake biya kullum, za a ci gaba da sa hannu ana tafiya. Jihohin da ke cewa haihuwa da jinyar ƙananan yara kyauta ne, su sa ɗakin jarirai a ciki da gaske, da oksijin da kafeyin da robar ciyarwa da abincin uwa. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai haihuwa, ba ta bambanta wadda ta koma gida da ɗanta washegari da wadda ta cinye rabin hutun a asibiti ba. Birtaniya tun watan Afrilun 2025 ta fara ba iyayen da jaririnsu ke kwance ƙarin hutu har mako 12. Ba sai mun kai can ba kafin mu yarda cewa kwanakin asibiti bai kamata a lissafa su cikin hutun haihuwa ba. Wutar ɗakin jarirai kuma a ɗora ta a kan sola da batir, a raba ta da ta sauran asibiti.

Rabin yaƙin tun kafin haihuwa ake yin sa. Idan naƙuda ta taso tsakanin mako 24 da 34, allurar deksametazon, miligiram 6 duk bayan awa 12 har sau huɗu, tana gaggauta nunar huhun ɗan da ke ciki. Binciken da aka wallafa a 2020, wanda Najeriya na cikin ƙasashe biyar da aka yi shi, ya nuna rasuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Allura ce mai arha, amma sai an san makon ciki daidai, wato sai an fara awo da wuri an yi hoton ciki, kuma a asibitin da zai iya kula da jaririn ake yin ta. Ga shi kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 ne kacal cikin 100 ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma ma ba su kai 20 ba. Don haka bakwaini da yawa a ɗaki suke faɗowa. Idan haka ta faru, a goge shi da busasshen zani nan take, a sauya wani, kada a yi masa wanka, a sa masa hula, a ɗaure shi a ƙirjin uwa ko na wadda za ta raka, a tafi asibiti a haka. Jaririn da aka naɗe a tsumma aka riƙe a hannu a bayan babur cikin hunturu yakan isa ya riga ya sandare.

Sallama ba nauyi kaɗai ake dubawa ba. Sai yana riƙe ɗuminsa a jikin uwa, yana shan nono da baki ko da ƙaramin kofi, nauyinsa yana ƙaruwa kwana uku a jere, ya daina ɗauke numfashi, uwa kuma ta iya komai da hannunta. Shan kofi ma sai an koya: a zaunar da shi, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nono ya taɓa leɓe, a bar shi ya lasa da kansa, ba a tuttula masa. A gida goyon zai ci gaba. Kada a sa kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa, kwalbar ruwan zafi kuma tana ƙona fatar da ba ta da kauri. Cibiya man kuloheksidin mai kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ake shafa mata, a kuma kiyaye kada ya kusanci ido. Ba a gasa ta, ba a sa mata man goge baki. 'Yan barka su yi daga bakin ƙofa, mai mura kada ya shigo. Idan ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashi ya yi sauri ko yana tsayawa, ko ya yi laushi ba ya motsi, ko ya yi jijjiga, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, a koma asibiti a lokacin, ba a jira gari ya waye.

Rigakafi da ranar haihuwarsa ake lissafawa, mako 6 da 10 da 14 kamar kowane yaro, ba a jinkirta shi wai don ƙarami ne. Maganin ƙarin jini na ɗigo da za a rubuta masa a ci gaba da ba shi har lokacin da likita ya ce, domin sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da jariri ke tarawa a watannin ƙarshe na ciki shi bai samu ba. Girma da wayo kuwa da ranar da ya kamata a haife shi ake aunawa, har ya shekara biyu. Yaron da ya zo wata biyu kafin lokaci, idan ya cika wata shida a duba shi a matsayin ɗan wata huɗu. In bai zauna ba a lokacin, bai makara ba. Abin da ba a jira a kansa shi ne ji da gani: yaron da ba ya firgita da ƙara, ko ba ya bin fuska da ido bayan wata uku a wannan lissafi, ko wani sashe na jikinsa ya fi ɗaya tauri, a kai shi a duba.